Tasirin Ƙanƙarar Ƙarshen Hunturu a kan Masu Tattaki a Hanyar Pacific Crest

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda dusar ƙanƙarar Fabrairu da Maris take hukunta tafiyar masu tattaki a kudancin hanyar Pacific Crest ta Kalifoniya, ta kuma kafa hujja cewa awon ƙanƙara na ranar 1 ga Afrilu, duk da fa'idarsa, bai isa ya zama madogarar matafiyi shi kaɗai ba.

Gabatarwa

Wannan hanya, wadda dokar Amurka ta 1968 ta tabbatar, aka kuma kammala ta a 1993, ta taso daga Campo a bakin iyakar Meziko har iyakar Kanada, tsawon kimanin kilomita 4,265. Galibin masu niyyar ƙure ta cikin shekara guda suna ɗaura aniya tsakanin Maris da Mayu, saboda wanda ya yi jinkiri zafin hamadar Mojave zai riske shi, ƙanƙarar Oktoba kuma ta tare shi a jihar Washington, wanda kuwa ya yi gaggawa zai tarar da duwatsun Siyera Nebada a rufe ruf.

Ma'auni da haddinsa

Al'adar hukumar albarkatun ruwa ta Kalifoniya ita ce ta ɗauki 1 ga Afrilu a matsayin lokacin da ƙanƙara kan kai matuƙarta, ma'aikatanta kuwa sukan soka dogon bututun ƙarfe cikinta a wurare irin su Phillips Station, su zaro, su auna nauyinsa, domin abin nema shi ne ruwan da ke ƙunshe a ciki. A 2015 awon ya nuna kashi 5 cikin ɗari na abin da aka saba, har gwamnan jihar na lokacin, Jerry Brown, ya tsaya a kan busasshiyar ciyawa inda ya kamata ƙanƙara ta binne shi zuwa ƙirji. A 2023 kuwa ya kai kashi 237.

Sai dai wajibi ne a tuna cewa an ƙirƙiri wannan ma'auni ne domin manoma da madatsun ruwa, shi ya sa yake tattara jiha guda cikin lamba ɗaya, alhali matafiyi gangare ɗaya yake takawa a safiya ɗaya. Alal misali, a tsaunin San Jacinto, mai tsayin mita 3,302, sashen da ya fuskanci kudu yakan bushe tun da wuri, amma Fuller Ridge da gangaren Apache Peak, inda rana ba ta cika bugawa ba, sukan riƙe ƙanƙara mai santsi kamar gilashi har cikin Afrilu, ga shi kuwa mutum yana isa can ne cikin makonni biyu na farko, da takalmin hamada, bai ko koyi riƙon gatarin ƙanƙara ba.

Mas'alar ruwa

A nan ne lamarin ya fi wuya, domin shekarar da ta yi wa matafiyi rahama a hamada ita ce take tsananta masa a tsauni. Idan hunturu ya yi albarka, idanun ruwa da ƙoramun kudu sukan gudana har Mayu, mutum ya huta da dakon lita shida a bayansa. Amma da zarar ya wuce Kennedy Meadows, kimanin kilomita 1,130 daga mafari, ya doshi mashigar Forester mai tsayin mita 4,009, sai wannan albarka ta komo masa ambaliya. A Yulin 2017, bayan hunturu mai yawan ƙanƙara, matafiya biyu sun rasu a wajen ƙetare rafukan Siyera, a 2023 kuma nauyin ƙanƙara ya lanƙwasa gadar reshen kudu na kogin San Joaquin.

Abin da nake ganin ya fi cancantar lura, wallahu a'alamu, shi ne saurin narkewa, tun da yake mako guda na zafi a Yuni yana iya cika rafin da sanyin Mayu ya bari a kwance. Ko a yini ɗaya ma hukuncin yana sauyawa: da asuba ƙanƙara takan daskare ta ɗauki nauyin mutum, da azahar ƙafa ta riƙa nutsewa har gwiwa, rafi kuwa sai magariba yake kai iyakar cikarsa, ya ja baya bayan fitowar alfijir, lokacin da ƙwararru kan kwance maɗaurin jakarsu na ƙugu su shiga ruwa.