Gidaje Masu Bango Ɗaya da Sunayensu a Ƙasar Turawa

Kowa ya san a tsofaffin biranenmu, kamar Kano da Zariya da Katsina, ba wuya ka tarar gida biyu sun haɗa katanga ɗaya. Malamai ma sun karanta mana a Risala cewa bai kamata mutum ya hana maƙwabcinsa kafa azara a jikin bangonsa ba. Amma duk da haka ba mu raɗa wa irin wannan gida wani suna dabam ba. Da zaure da maigida a ke gane gida, haka kuma malaman haraji na zamanin En'e suka riƙa ƙidaya. Turawan Ingila kuwa sun ba shi sunaye da yawa, har in aka faɗa maka sunan gidan mutum kana iya cankar garinsu, da kuma nauyin aljihunsa.

Tun dā gidajen Landan a manne su ke da juna, amma galibinsu na katako ne. A cikin watan Satumba na 1666 gobara ta tashi, ta yi kwana huɗu tana ci, ta ƙone gida fiye da 13,000. Saboda haka a 1667 aka kafa doka, kowa zai sāke gini sai da tubali ko dutse, aka kuma ƙayyade kaurin bangon da ke tsakanin maƙwabta. Wani likita, Nicholas Barbon, ya bar aikin magani ya shiga sayen fili yana jera gidaje iri ɗaya yana sayarwa. Shi ne kuma ya buɗe ofishin inshorar gobara, watau ya ci riba ta fuska biyu.

Sunan da ya fi bazuwa a Ingila shi ne teras. Asalin ma'anar kalmar dandamali ne, wurin da aka ɗaga aka daidaita kansa. Daga 1768 waɗansu magina 'yan'uwan juna, 'yan gidan Adam, suka ɗaga ƙasa a bakin kogin Thames suka jera gidaje bisa, aka kira wurin Adelfi Teras. Daga baya sunan ya bi kowane jeri, ko da a kwari ya ke. A lokacin nan kuwa teras gidan manya ne. A garin Bath akwai gida talatin da aka jera kamar jinjirin wata, an fara su a 1767, har yanzu mutane na zuwa kallo.

To, sai zamanin masana'antu ya zo. Talakawa suka baro ƙauyuka suka cika Manchester wajen saƙar auduga, da Leeds wajen ulu, da Birmingham wajen ƙira. Masu fili suka ga in bango ɗaya ya isa gida biyu, ai uku sun fi arha. Sai suka fito da wani gini da a ke kira bak-tu-bak, watau baya-da-baya. Dama maƙwabci, hagun maƙwabci, baya ma maƙwabci. Ƙofa da taga ta gaba kaɗai su ke, iska ba ta da inda za ta shiga ta fita. Bayan gida da famfo na tarayya ne, a wani ɗan fili na tsakiya wanda mutanen Birmingham da Liverpool ke kira kot. Mu da muka saba da tsakar gida da shan iska a ƙofar ɗaki, sai mu kwatanta yadda iyali takwas ko goma za su kwana a haka, ga hayaƙin gawayin kwal. Da annobar kwalara ta game ƙasar a 1832, irin waɗannan unguwanni ne suka fi jin jiki.

Hukuma ba ta yi hanzari ba. Manchester ta hana gina sababbi a 1844, Liverpool a 1861, Birmingham a 1876, sa'an nan a 1909 aka hana a ƙasa duka. Amma magina a Leeds suka fake da izinin da aka riga aka ba su, suka yi ta ginawa har 1937, yau ma akwai dubbai da mutane ke zaune ciki. A Birmingham kuwa kot ɗaya ya rage, an gyara shi an buɗe wa masu ziyara a 2004.

Bayan dokar lafiya ta 1875 aka koma jera gidaje masu ƙofar baya da ɗan fili, da yawansu ɗaki biyu sama biyu ƙasa. Su ma teras aka ce da su. Kun ga suna ya sauko daga gidan attajiri ya koma na lebura. Shi ya sa tsakanin yaƙin duniya na farko da na biyu, akawu da malamin makaranta da suka ɗan sami hali suka ƙaura bayan gari, suka shiga gidaje bibbiyu masu bango ɗaya tsakani. Sunan waɗannan semi-ditach, watau rabinsa a ware. Ni dai sunan nan ya kan ba ni dariya, don an dubi gefen da ya rabu an yi shiru da wanda ya manne.

In aka nausa arewa sai sunaye su sāke. A Newcastle za ka ga ƙofa biyu dab da juna, ɗaya ta mai zama ƙasa, ɗaya ta mai zama bene, ana kiransu da sunan kogin Tyne. A Sunderland jerin ba shi da bene, sai su ke ce masa kotej, kalmar da a wani wuri ɗan gidan ƙauye ta ke nufi. Amma labarin da ya fi burge ni na Edinburgh ne, babban birnin Sukotlan. A 1861 masassaƙan dutse suka nemi a rage musu sa'o'in aiki zuwa tara a yini, iyayen gidansu suka hana su aiki. Maimakon su zauna jira, sai suka haɗa kuɗi suka kafa kamfanin gama kai, suka gina wa ma'aikata gidaje a unguwar Stockbridge. Na ƙasa ya shiga ta wannan layi, na sama ya hau matakala ta wancan, kowa da ƙofarsa da ɗan lambunsa. Mutanen garin na kiransu koloni.

Turawan da suka ƙetare zuwa Amurka sun tafi da ginin, amma ba su riƙe sunan ba. A Filadelfiya da Baltimore ro-haus su ke cewa, watau gidan layi. Abin da ɗan Ingila ya kira semi, mutumin Filadelfiya tagwaye ya ke ce masa da harshensu, ni kuwa na ga ya fi faɗin gaskiya. A New York da launin dutsen da aka lulluɓe fuskar gidan a ke kiransa, biraunston, dutse mai ƙasa-ƙasa. Dillalan gidaje kuwa, a Amurka da Ingila duka, in sun sami sabon jeri za su sayar, sun fi son su ce taun-haus, gidan birni. Da wannan suna a dā a ke kiran gidan da basarake ke sauka in ya baro gandunsa ya shigo Landan.