Tarihin Mahaɗin Salak: Daga Teburin Rumawa zuwa Dokokin Borin Jini

Mahaɗin salak shi ne ruwan ɗanɗano da ake zubawa a kan ɗanyen ganye domin ya ciyu, kuma asalinsa bai wuce abubuwa uku ba, wato mai da tsami da gishiri. Tarihinsa a ƙasashen Turai da Amurka ya bi matakai uku: zamanin da ake haɗa shi a gida a gaban mai ci, da zamanin da masana'antu suka karɓe shi suka ɗura a kwalba, da kuma zamanin da hukumomi suka tilasta wa masana'antun bayyana abin da ke cikin kwalbar, bayan da likitoci suka gano cewa ƙanƙanin abu daga wasu kayan abinci na iya kashe wanda jikinsa ba ya karɓarsu.

Rumawa sun kasance suna cin latas da sauran ɗanyen ganye da man zaitun da ruwan khal, wato ruwan tsami da ake samu daga inabi, sannan su ƙara da garum, wani romo mai gishiri da ake yi daga kifin da aka bari ya tsumu. Wannan al'ada ta ɗore a ƙasashen gaɓar Bahar Rum, kuma daga can ne ta haura arewa. A shekarar 1614 Giacomo Castelvetro, wani ɗan Italiya da ke zaune a Ingila, ya rubuta littafi a kan ganyaye da 'ya'yan itatuwan ƙasarsa, inda ya kwaɗaita wa Ingilawa rage nama da yawaita cin ganye. A shekarar 1699 John Evelyn ya wallafa Acetaria, littafin da ya keɓe ga salak kaɗai, ya kuma lissafa kayan mahaɗin da suka haɗa da man zaitun da ruwan khal da gishiri da ƙwayar mastad da gwaiduwar dafaffen ƙwai. A duk tsawon wannan zamani ana yin mahaɗin ne a lokacin da za a ci, saboda haka mai girki da mai ci duk sun san abin da ya shiga akushi.

Matsalar da ta daɗe tana damun masu girki ita ce mai da ruwa ba sa zama tare, domin ko an kaɗa su sukan rabu bayan ɗan lokaci. Maganinta shi ne a sa wani abu na uku da zai riƙe ɗigon man a warwatse cikin ruwan, kuma gwaiduwar ƙwai ta fi komai iya wannan aiki saboda sinadarin lesitin da ke cikinta, sai mastad da ke biye mata. Da wannan dabara ake yin mayonis, wanda ya bayyana a littattafan girkin Faransa a farkon ƙarni na 19, kuma ita ce ta ba 'yan kasuwa damar sayar da mahaɗin da zai daɗe a kanti bai rabu ba.

Richard Hellmann, Bajamushen da ya buɗe shagon abinci a birnin New York a 1905, yana cikin waɗanda suka fara sayar da mayonis a kwalba. A 1914 kamfanin Heinz ya fito da kirim ɗin salak musamman domin kasuwar Birtaniya, wanda daga baya ya zama abin da ake zuba wa salak a bukukuwan biranen Nijeriya, sannan a 1933 kamfanin Kraft ya gabatar da Miracle Whip a baje kolin duniya na Chicago, a daidai lokacin da matsin tattalin arziki ya sa jama'a neman abin da ya fi mayonis araha. Sababbin nau'o'i kuma sun ƙara yawan kayan haɗi. Salak ɗin da Caesar Cardini ya shahara da shi a garin Tijuana na ƙasar Meksiko tun 1924 yana ɗauke da ƙwai da cuku da soyayyen burodi da romon Worcestershire, wanda akwai kifi a cikinsa, shi kuwa mahaɗin da Steve Henson ya yaɗa daga gonarsa ta Hidden Valley a jihar Kalifoniya a shekarun 1950 an gina shi ne a kan tsalan nono da mayonis, har kamfanin Clorox ya sayi sunan Hidden Valley a 1972. Ta haka ƙwai da nono da kifi da alkama da waken soya suka taru a cikin abincin da mai saye ke ɗauka ganye ne zalla.

A cikin waɗannan shekarun ne ilimin likitanci ya fara fahimtar borin jini, wato yadda garkuwar jikin wasu mutane ke ɗaukar abu marar lahani a matsayin abokin gaba, ta tayar da ƙaiƙayi da kumburi da sarƙewar numfashi. A 1902 Charles Richet da Paul Portier na Faransa suka bayyana mafi tsananin nau'insa, wanda ke iya kisa cikin mintuna, bayan gwajin da suka yi wa karnuka da dafin wata halittar teku, aikin da ya kai Richet ga samun kyautar Nobel a 1913. A 1921 Carl Prausnitz ya yi wa fatarsa allurar ruwan jinin abokin aikinsa Heinz Küstner, wanda kifi ke tayar masa da bori, sai wurin ya kumbura da aka sa masa sinadarin kifi, abin da ya nuna cewa musabbabin yana cikin jini. Ba a gano wannan musabbabi ba, wato sinadarin garkuwa da ake kira IgE, sai a tsakanin 1966 da 1967, a binciken da aka gudanar a Amurka da Suwidin.

Doka ta biyo baya da jinkiri. Majalisar Amurka ta zartar da dokar bayyana kayan bori a 2004, ta fara aiki a 2006, kuma ta wajabta a rubuta sunayen abubuwa 8 a jikin kowane abincin gwangwani ko kwalba da ke ɗauke da su: madara, ƙwai, kifi, dangin ƙaguwa da jatan lande, 'ya'yan itatuwa masu ɓawo irin su yazawa, gyaɗa, alkama da waken soya, sannan aka ƙara riɗi daga 2023. Tarayyar Turai kuwa ta lissafa abubuwa 14, ciki har da mastad, wanda hakan ke nufin cewa abubuwa biyun da mahaɗi ya dogara da su wajen riƙe mai da ruwa duk suna cikin jerin abin tsoro.

Wannan ne ya sa wasu iyalai masu fama da borin jini a waɗancan ƙasashe suka koma haɗa nasu a gida bisa tsohon ma'auni na kashi uku na mai da kashi ɗaya na tsami, suna kaɗa man zaitun da lemun tsami da gishiri da tafarnuwa a cikin kwalba mai murfi dab da lokacin ci, yadda ba a bukatar ƙwai ko nono. A ƙasar Hausa kwaɗo bai taɓa barin hannun mai girki ba, amma kwaɗon zogale da na rama da na latas duk sun dogara ne a kan ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, alhali gyaɗa na cikin abubuwan da suka fi tayar da bori mai tsanani, kuma man da ba a tace shi a masana'anta ba yakan riƙe sinadarin da ke haddasa shi. Saboda haka haɗawa a gida kaɗai ba kariya ba ce, sai idan mai haɗawar ya san abin da jikin mai ci ba ya karɓa, ya kuma raba cokali da turmi da kwanon da suka taɓa shi.