Ikilisiyar Katolika ta Maraɗi da Gundumomin Tasawa da Mayahi: Nazari kan Tushen Bunƙasarta

Wannan maƙala ta ɗauki matsayin cewa bunƙasar ikilisiyar Katolika ta Maraɗi, wato yankin da limamin coci ke kula da mabiyansa, ta bi sawun mulki da fatauci ne, kuma hakan ne ya sa Tasawa da Mayahi suka kasance a gefenta duk da tsufan sarautar Tasawa da yawan jama'ar kwarin Gulbin Kaba.

Littafin Barbara Cooper na 2006 ya yi wa mishan ɗin Furotesta ta SIM adalci, domin ya bi tarihinta tun saukarta Damagaram a 1924 zuwa Tsibiri da ke kusa da Maraɗi, amma masu karanta shi da gaggawa sukan auna kowace majami'a da ma'aunin SIM, wato yawan mutanen karkara da suka karɓi wa'azi da Hausa. Da wannan ma'auni sai su yanke cewa Katolika cocin baƙi ce wadda ba ta da gurbi a tarihin Katsinar Maraɗi, hukuncin da ya manta cewa zango da sabon gari sun daɗe cikin ginin biranen Hausa. 

Hanyar binciken ita ce jera shekarun da coci ta bayyana a gefen shekarun sauyin mulki da na ƙaura.

Abin da jerin ya nuna a fili yake. Tasawa ce cibiyar mulkin Faransa a yankin har zuwa 1927, lokacin da aka mai da mazaunin kwamanda Maraɗi, shekara huɗu kafin Fada François Faroud ya buɗe mishan a Yamai a 1931, saboda haka ko da limaman suka fuskanci gabas, ofisoshi da cinikin gyaɗa sun riga sun tattara a Maraɗi. Waɗanda suka cika kujerun coci su ne akawuna da malaman lakwal da ma'aikatan likita daga Dahomey da Togo da Haute-Volta, sai 'yan kasuwa daga kudancin Najeriya, kuma korar 'yan Dahomey da gwamnatin Diori Hamani ta yi a ƙarshen 1963 ta nuna yadda shawara guda ta siyasa ke iya taɓa irin wannan jama'a. A garin da ba limami mazauni, mai koyar da addini ne ke jagorantar addu'ar Lahadi, ya karanta nassi, ya yi wa yara darasi, amma jibin Ubangiji sai fada ya zo. Tasawa tana kan babbar kwalta, fiye da kilomita 100 gabas da Maraɗi, ita kuwa Mayahi sai an ratse daga Cadawa, kuma wannan nisa ya fi kowace hujjar aƙida bayyana halin da ƙananan jama'o'in ke ciki, musamman da yake ma'aikaci yakan bar gari da zarar an yi masa canjin wurin aiki.

Ranar 13 ga Maris 2001 aka yanko dayosis ɗin Maraɗi daga na Yamai, wato yankin da bishop ke shugabanta, aka ba Ambroise Ouédraogo ɗan Burkina Faso, cocin Notre-Dame de Lourdes ta zama mazauninsa. Nauyin jihohi biyar, Maraɗi da Tawa da Damagaram da Agadas da Difa, ya hau kan limamai ƙalilan, kuma ƙone-ƙonen majami'u na Janairun 2015 a Damagaram ya ƙara musu aikin gini. Mafi yawan mutanen ƙauye sun san coci ne ta hanyar ƙungiyar agajin Katolika ta CADEV da kuma 'yan'uwa mata na ƙungiyar da Marie-Catherine Kingbo ta kafa a 2006.

Gaskiya ne binciken bai shiga rajistar baftisma ba, bai kuma taɓa majami'un Furotesta na EERN ba, waɗanda tarihinsu a karkara daban yake, sai dai rajista za ta gyara adadi ne kawai, ba za ta sauya jerin shekarun da hujjar ta dogara a kai ba.