Almakashin CRISPR da yis: yaya ingancin saitinsa yake?

Yis, wanda masu gidajen burodi ke kumbura ƙullu da shi, halitta ce mai ƙwaya ɗaya tak. A shekarar 1996 masana suka kammala karanta kundin gadonsa: haruffan DNA kimanin miliyan 12, ɗauke da ƙwayoyin gado wajen 6,000. Shi ya sa ake yawan gwada kayan gyaran gado a kansa.

Fitacce cikin kayan shi ne CRISPR-Cas9, wanda Emmanuelle Charpentier 'yar Faransa da Jennifer Doudna 'yar Amurka suka bayyana a 2012, suka kuma samu kyautar Nobel a 2020. Ana bai wa almakashin jagora mai haruffa 20. Jagoran ne ke neman gurbin da ya yi daidai da shi, sannan Cas9 ya yanke. A 2013 masu bincike a jami'ar Harvard suka nuna cewa dabarar na aiki a jikin yis.

Sai dai almakashin kan yi kuskure. Idan wani gurbi ya yi kama da wanda ake nufi, da bambancin harafi ɗaya ko biyu, yana iya yanka can. A yis hatsarin ya fi sauƙi saboda dalilai biyu. Kundinsa ƙarami ne idan aka kwatanta da na ɗan Adam mai haruffa biliyan 3, don haka gurabe masu kama ba su da yawa. Kuma yis ya ƙware wajen ɗinke yankan ta hanyar kwaikwayon samfurin DNA da aka ba shi. Duk da haka akan sake karanta kundin bayan gyara, domin tabbatarwa.

Batun ya shafi yankinmu. A unguwar Farcha ta Njamena, cibiyar binciken dabbobi da yanzu ake kira IRED ta soma haɗa rigakafin dabbobi tun shekarun 1950, ciki har da na bushiya, cutar da aka sanar da kawar da ita daga duniya a 2011. A wasu ƙasashe kuwa, yis da aka sauya wa gado ne ke samar da rigakafi: na ciwon hanta nau'in B tun 1986, da na kaskar shanu mai suna Gavac a Kyuba. Irin wannan rigakafi yana buƙatar yis da aka gyara da kyau, domin kuskure kan iya rage yawan sinadarin ko ingancinsa, asarar kuma ta koma kan makiyayi.