Azurfar Kakanninmu: Daga Liyari Zuwa Munduwa

Ana ta magana a unguwa kan 'yan matan da ke kai mundayen kakanninsu wurin maƙeri a narka, a fitar musu da sarƙa ko zobe na yayi. Wasu dattawa na ganin wannan cin amanar magabata ne. To amma in muka bi tarihi, ita kanta munduwar da ake jin tausayinta narkakken kuɗi ce.

Kafin zuwan Turawa, akasarin azurfar ƙasar Hausa ta Sahara take shigowa, daga Tarabulus zuwa Barno da Kano. Babban tushenta shi ne liyari, kuɗin ƙasar Ostiriya mai hoton sarauniya Mariya Teresa. Ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekarar a jikinsa har bayan fiye da ƙarni guda, saboda fatake ba sa yarda da wani sai shi. Nauyinsa ya kai giram 28, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari azurfa ce zalla. Maƙeran fari, wato masu aikin azurfa da tagulla, ba maƙeran baƙi masu fartanya ba, su ke zuba shi a wuta su fitar da mundaye da awarwaro da zobba. Wani kuwa huda shi kawai ake yi a rataya a wuya.

Da haƙar kuza ta buɗe a Filato a farkon ƙarnin da ya wuce, iyayenmu suka yo ƙaura daga Kano, Bauci, Zariya, da maƙeransu. Nan wata azurfar ta samu. A 1913 Turawa suka fito da taro, sisi, sule da dala na azurfa. Lebura ya karɓi albashinsa, in ya tashi aure sai wani kaso ya tafi maƙera. Kuɗin suka riƙa ɓacewa daga kasuwa, ga azurfa ta yi tsada a duniya, sai a 1920 aka koma buga su da jan gami. Shi ya sa tsofaffi ke ƙwanƙwasa sule su saurari ƙararsa kafin su yarda.

Abin da ya rage a hannunmu yau kaɗan ne. Rikicin Satumba 2001 da gobarar babbar kasuwar Taminus a 2002 sun ci dukiya mai yawa, wasu gidajen kuma sayar da kayan ado suka yi don su tashi daga faɗuwa. Don haka ni narkarwar ba ita ce ta fi damuna ba. Abin da nake gani a wajen rabon gado shi ne, 'ya ɗaya ta ɗauke munduwar mahaifiya tun ba a yi sadakar bakwai ba, ta kai an narka. Ranar rabo babu wanda ya san nauyinta na asali, ga maƙeri ya ƙara gami, ga ladan aiki ya shiga ciki. Haƙƙin sauran magada, har da marayu, ya narke tare da ita.

In magada sun yarda a sabunta, a auna ta gaban shaidu, a rubuta nauyin da sunan mai ita da garin da ta fito. In kuwa liyari ne da bai taɓa shiga wuta ba, a yi masa mariƙi a rataya shi yadda yake, don masu tara tsofaffin kuɗi ba sa sayen narkakke.