Tasirin cajar motar lantarki a kan ƙimar gida

Cajar motar lantarki ta gida na'ura ce da ake kafawa a gareji ko a jikin bango domin cika batirin mota da wutar gidan. A ƙasashen da waɗannan motoci suka yawaita, kamar Amurka da Birtaniya, masu ƙiyasta darajar gidaje sukan duba ta idan za a sayar da gida ko za a jinginar da shi ga banki. Abin da take ƙara wa gida ba lallai ne ya kai kuɗin da aka kashe wajen kafa ta ba.

Ire-iren caja

A Amurka cajar gida mataki biyu ce. Ta mataki na ɗaya ana cusa ta ne a soket na yau da kullum mai ƙarfin bolt 120, kuma cajinta na da jinkiri ƙwarai. Tun da kowane gida yana da irin wannan soket, ba ta ƙara masa ƙima. Ta mataki na biyu tana aiki da bolt 240, tana buƙatar layin wuta nata na musamman, kuma takan cika batiri cikin dare ɗaya. Ita ce masu ƙiyasi suka fi lura da ita. A Birtaniya mafi yawan cajar gida mai kilowat 7 ce.

Yadda ake ƙiyasi

Hanyar da aka fi bi ita ce kwatanta gidan da wasu makamantansa da aka sayar kwanan nan a unguwar. Mai ƙiyasi yakan nemi gidaje masu kama da juna, wasu da caja wasu babu, ya ga ko farashinsu ya bambanta. Idan cinikin da aka yi bai nuna bambanci ba, ba zai ƙara komai ba, ko nawa mai gida ya kashe. Saboda haka caja iri ɗaya tana iya daga farashi a unguwar da masu motar lantarki suka yi yawa, amma ta kasa yin tasiri a inda babu su.

Abin da ake lissafawa

Cajar da aka haɗa kai tsaye da wayarin gida ana ɗaukarta a matsayin wani ɓangare na ginin, don haka tana bin gidan idan an sayar. Wadda ake cirewa daga soket kuwa galibi kayan mai ita ce, zai iya tafiya da abarsa. Sau da yawa abin da ya fi ita kanta cajar daraja shi ne layin da aka ja da akwatin rarraba wuta. Tsofaffin gidaje da dama a Amurka suna da akwati mai amfiya 100, kuma akan sauya shi da mai 200 kafin ya ɗauki caja. Aikin da aka yi ba tare da izinin hukuma ba yana iya jawo tsaiko a lokacin ciniki.

Dokoki

A Ingila, dokar gini da ta fara aiki a watan Yuni na 2022 ta wajabta sanya caja a sababbin gidaje masu wurin ajiye mota. A jihar Kalifoniya kuma, tun 2015 ake buƙatar a tanadi hanyar jawo wa caja wuta a sababbin gidaje. Inda abu ya zama dole a kowane sabon gini, samunsa ba ya bambanta gida da sauran. Rashinsa ne mai saye yake lura da shi.

Tsufan na'ura

Caja takan tsufa da sauri fiye da gini. A 2023 kamfanonin Ford da General Motors suka sanar da cewa za su koma amfani da irin bakin caja na Tesla, maimakon J1772 da aka saba da shi wajen cajin gida. Irin wannan sauyi yana rage darajar tsohuwar na'ura, amma layin wutar da aka ja mata yana ci gaba da amfani.