Luwi Birel da Rubutun Makafi

Duk wanda ya koyi karatu da girmansa ya san irin ƙuncin da mutum ke ciki in an miƙo masa takarda ya kasa sanin abin da ke cikinta. To, makafin duniya sun daɗe cikin wannan ƙunci, har da a ƙasashen da ilmi ya yawaita. Abin da ya ƙara tsawaita wahalarsu kuwa shi ne, masu ido su ke yanke musu shawara a kan kome, ba a tambayarsu.

A cikin 1771 aka yi wani bikin kasuwa a Faris, babban birnin Faransa. Wani mai gidan shaye-shaye ya tara waɗansu makafi, ya sa musu hulunan wawaye da tabarau na kwali, ya ba su kayan kiɗa waɗanda ba su iya ba, jama'a na kallo suna ta ƙyaƙyata dariya. Cikin 'yan kallo akwai wani tafinta, sunansa Balantin Hawi. Abin ya ɓata masa rai ƙwarai, har ya ƙudura sai ya koya wa makafi karatu. A cikin 1785 ya buɗe musu makaranta a Faris, ta zama irinta ta farko a ƙasar Turai.

Dabararsa ita ce a danna haruffan boko a kan takarda mai kauri su yi tudu, yaro ya riƙa shafawa. Amma haruffan nan domin ido aka tsara su, yatsa ya kan sha wuya kafin ya rarrabe lanƙwasarsu. Littattafan kuma ga girma ga nauyi ga tsada, kaɗan ne a makarantar. Babban aibin shi ne, ko yaro ya iya karatu ba shi da hanyar rubuta abin da zai karanta da kansa daga baya.

A wannan makaranta aka kawo Luwi Birel a cikin 1819, yana da shekara goma. Turawa su kan rubuta sunansa Braille. An haife shi a 1809 a ƙauyen Kufre, gabas da Faris. Ubansa baduku ne, mai ɗinkin sirdi da kayan doki. Yana da shekara uku ya ɗauki wani tsinin ƙarfe na aikin uban yana wasa, ya soke kansa a ido. Ciwon ya haura ɗaya idon, kafin ya cika shekara biyar ya makance sarai.

A cikin 1821 makarantar ta soma gwada dabarar wani tsohon hafsan soja, Barbiye, watau rubutu da ɗige-ɗige masu tudu maimakon zanen haruffa. Yara suka yi murna da ita, sai dai gurbin kowace alama yana ɗaukar ɗigo har goma sha biyu, kan yatsa ba ya rufe shi gaba ɗaya. Luwi ya duƙufa a kan gyaranta dare da rana. A cikin 1824, yana ɗan shekara goma sha biyar, ya mai da gurbin ɗigo shida, layi biyu a tsaye, uku uku. Daga waɗannan shida ana samun alamu 63, sun ishi haruffa da lambobi da alamun tsayawa. Taɓawa ɗaya ta isa a gane harafi, kuma da ɗan allo mai ramuka da tsinke makaho zai rubuta wasiƙarsa. Ya buga bayanin dabarar a 1829.

Kai ka ce nan da nan za a karɓa hannu bibbiyu. Ina! Waɗansu malamai masu ido suka ƙi. Suka ce rubutun da mai ido ba zai iya karantawa ba zai ware makafi daga sauran mutane. Akwai kuma tsoron kada makafi su zama malaman kansu, aiki ya kuɓuce wa masu ido. Da Dufo ya zama shugaban makarantar a 1840 sai ya hana amfani da ɗige-ɗigen. Yara kuwa ba su bari ba, suka ci gaba a ɓoye, manya na koya wa ƙanana, domin mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa.

A ƙarshe mataimakin shugaban, Gade, ya ga abin da yaran ke yi, ya shawo kan maigidansa. Ran da aka buɗe sabon ginin makarantar a 1844 aka gwada a gaban jama'a. Aka fitar da yaro guda waje, aka yi wa wani shifta ya rubuta, sa'an nan aka shigo da na wajen ya karanta daidai. Duk da haka sai a 1854 aka amince da rubutun bisa hukuma. A lokacin Luwi ya shekara biyu da rasuwa, tarin fuka ya kashe shi a 1852, yana da shekara 43, bayan ya daɗe yana koyarwa a makarantar.

A cikin 1878 wani taron ƙasashen Turai a Faris ya zaɓi rubutunsa domin makafi, daga nan aka daidaita shi da harsuna masu yawa, har da Larabci da Hausa. A 1952 Faransa ta mai da ƙasusuwansa Fantiyon, inda ta ke binne manyan mutanenta. Shekara guda bayan haka aka buɗe makarantar makafi a Gindiri, a ƙasar Filato. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma, tun daga 2019, tana tunawa da wannan rubutu kowace ran 4 ga Janairu, ranar haihuwarsa.

Ka duba, shekara talatin cur tsakanin ƙago dabarar da amincewa da ita, alhali waɗanda aka yi ta dominsu sun yarda da ita tun ran farko. Saboda haka duk mai niyyar taimakon makaho, ko kurma, ko gurgu, ya fara tambayarsa abin da ya ke bukata, ya kuma saurari amsar.